Abin da ƙamus ya yi wa harshen Hawayi, da abin da ya kasa yi masa

Duk matashin da ya taɓa buɗe Wikipedia a wayarsa ya riga ya furta kalmar harshen Hawayi ko da bai sani ba. "Wiki" ta samo asali ne daga wikiwiki, wato maza-maza. Tsibiran Hawayi suna can tsakiyar tekun Fasifik, kusan kilomita 4,000 daga gaɓar yammacin Amurka. Tun 1959 suka zama jiha ta 50 a ƙasar, kuma a Honolulu, babban birninsu, aka haifi Barack Obama. Duniya ta san su da rairayin bakin teku, da rawar hula, da gaisuwar aloha da ake bugawa a jikin riguna. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne harshen da ya ba duniya waɗannan kalmomi ya kusa mutuwa a gidansa. A farkon shekarun 1980, ƙiyasin da masu fafutukar harshen suka fi ambato shi ne yaran da ke magana da shi sosai ba su kai 50 ba.

Yau akwai makarantun da ake koyar da lissafi da kimiyya da harshen Hawayi tun daga renon yara har jami'a, kuma alƙaluman hukuma sun nuna sama da mutum 18,000 a jihar suna magana da shi a gida. Adadin ba shi da yawa, amma harshen da aka riga aka fara yi wa ta'aziyya ne ya tashi ya zauna. Idan ana ba da labarin, makarantu da ƴan fafutuka ake yabawa, kuma sun cancanci yabon. Sai dai akwai wani ɓangare da ake tsallakewa saboda ba ya jan hankali: littattafan dubawa, irin su ƙamus, da nahawu, da kundin karin magana, da kundin sunayen wurare. Su ne littattafan da ba wanda ke karantawa daga bango zuwa bango, kuma su ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Labarin Hawayi ya nuna cewa wannan lissafi kuskure ne. Ya kuma nuna cewa al'ummar da ta buga ƙamus ta koma ta kwanta, ita ma ta yi wani kuskuren.

Al'ummar da ta yi rubutu kafin a rufe mata baki

Turawan mishan daga Amurka sun isa tsibiran a 1820, suka fara buga rubutu a 1822, sannan a 1826 aka tsayar da haruffa 12: wasula biyar da baƙaƙe bakwai. Mishan da manufarsu suka zo, amma mutanen ƙasar sun karɓi alƙalamin suka yi nasu aikin da shi. A 1834 aka buga jaridar farko, Ka Lama Hawaii, a makarantar Lahainaluna da ke tsibirin Maui. Daga nan zuwa 1948 an yi jaridu sama da 100 da harshen, waɗanda shafukansu suka kai kimanin 125,000. A cikinsu aka buga tarihin sarakuna, da salsalar dangi, da waƙoƙin makoki, da hanyoyin kamun kifi da noma, da muhawarar siyasa. Masana ƴan ƙasa irin su David Malo da Samuel Kamakau da John Papa ʻĪʻī sun rubuta abin da suka gani da abin da tsofaffi suka faɗa musu, saboda sun lura cututtukan da baƙi suka kawo suna kwashe mutane tare da abin da ke cikin kawunansu. A 1865 kuma Lorrin Andrews ya fitar da ƙamus mai kalmomi kimanin 15,000.

Sai siyasa ta juya. Ranar 17 ga Janairun 1893, wasu ƴan kasuwa da masu gonakin rake, akasarinsu ƴan asalin Amurka, suka hamɓarar da Sarauniya Liliʻuokalani bayan sojojin ruwan Amurka sun sauka a Honolulu. A 1896 sabuwar gwamnatin ta yi dokar da ta ce Ingilishi ne harshen koyarwa a makarantun da hukuma ta amince da su. Dokar ba ta hana mutum magana da harshensa a gida ba, kuma ba ta buƙaci yin hakan ba. An riƙa hukunta yara a makaranta idan sun yi harshen iyayensu, aikin albashi ya koma na mai jin Ingilishi, iyaye kuma da kansu suka daina yi wa ƴaƴansu harshen don kada su jawo musu wahala. Amurka ta haɗe tsibiran a 1898. Cikin shekaru 50, ƙasar da kusan kowa ke karanta jarida da harshensa ta wayi gari jaridar ƙarshe ta rufe don babu masu karatu.

Matar da ta zauna gaban tsofaffi

A cikin wannan yanayi aka haifi Mary Kawena Pukui a 1895, a yankin Kaʻū na babban tsibirin. Mahaifinta Ba'amurke ne, mahaifiyarta ƴar ƙasa. Bisa al'adar hānai, wadda ta yi kama da riƙon da kaka ke yi wa jika, aka miƙa ta ga kakarta ta wajen uwa, a hannunta ta sha harshen da waƙoƙi da al'adun gidansu. Tun tana budurwa ta fara rubuta kalmomi da karin magana a ƴan takardu tana adanawa. Daga ƙarshen shekarun 1930 ta yi aiki a gidan tarihi na Bishop da ke Honolulu, tana fassara tsofaffin rubuce-rubuce, daga baya kuma ta riƙa zagaya tsibirai da na'urar ɗaukar murya tana zama da dattawa. Ta yi wannan aiki ne a lokacin da masu ilimin zamani ke ganin harshen ya gama yayi.

Ta haɗa hannu da wani masanin harsuna Ba'amurke, Samuel Elbert, suka fitar da ƙamus na Hawayi zuwa Ingilishi a 1957, sai na Ingilishi zuwa Hawayi a 1964. An haɗe su a 1971, aka kuma faɗaɗa a 1986, shekarar da ta rasu, inda kalmomin suka kai kimanin 29,000. Har yau idan ɗalibi a Hawayi ya ce zai duba "Pukui da Elbert", kowa ya san abin da yake nufi. Yadda aka raba aikin abin lura ne. Elbert ya kawo tsari da ƙa'idar ilimin harshe, ita kuma Pukui ta kawo abin da jami'a ba ta iya bayarwa: sanin inda ake faɗin kalma da inda ba a faɗinta, da ma'anar da ke ɓoye a ƙarƙashin ta fili, abin da suke kira kaona. Sunanta ne kuma a gaba a bangon littafin. A zamanin da aka saba Bature ya sa sunansa, ɗan ƙasa kuma a gode masa cikin layi ɗaya a gabatarwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wani aiki da ƙamus ɗin ya yi wanda mai rubuta Hausa a waya zai gane nan take. Harshen Hawayi yana da wani ɗan tsayawar maƙogwaro da ake kira ʻokina, da kuma jan wasali da ake nunawa da layi a bisa harafi, kahakō. Tsofaffin jaridu ba su damu da sa su ba, domin mai karatun lokacin ya san kalmar tun daga gida. Amma kou na nufin "naka", koʻu kuma "nawa". Pau na nufin an gama, pāʻū kuma zanen da mata ke ɗaurawa. Wanda ya tashi da harshen ba zai ruɗe ba, kamar yadda Bahaushe ba ya ruɗewa tsakanin baki da baƙi ko da an rubuta su iri ɗaya a saƙon WhatsApp. Wanda ya zo koyo bayan tsofaffi sun tafi, shi ba shi da wanda zai gyara masa. Pukui da Elbert sun sa waɗannan alamomi a kowace kalma, da haka suka adana lafazi ga jikokin da ba a haifa ba tukuna.

Littattafan da suka wuce jerin kalmomi

Masu cewa ƙamus kayan malaman jami'a ne, ya kamata su dubi sauran littattafan da suka fito daga wannan hannu. A 1983 gidan tarihi na Bishop ya buga ʻŌlelo Noʻeau, kundin karin magana da zantukan hikima kusan 3,000 da Pukui ta tara tsawon rayuwarta, kowanne da fassara da bayanin inda ya samo asali. Malaman makaranta da mawaƙa da masu jawabi a taro duk daga nan suke ɗiba. Akwai littafin nahawu na 1979. Akwai Native Planters in Old Hawaii na 1972, wanda ta yi tare da E. S. Craighill Handy da matarsa, da ke bayanin yadda ake noman kalo, wato gwazar da ita ce tushen abincinsu, da yadda ake raba ruwa tsakanin gonaki.

Wanda ya fi nuna amfanin irin waɗannan littattafai a rayuwar yau da kullum shi ne Nānā i ke Kumu, wanda kundinsa na farko ya fito a 1972. Asalinsa wata cibiyar kula da yara ce mai ɗauke da sunan Sarauniya Liliʻuokalani. Ma'aikatan jin daɗin jama'a na cibiyar sun riƙa cin karo da matsalolin iyali da karatunsu na Turai bai shirya su a kai ba: mafarkin da ya tayar wa uwa hankali, sunan da aka raɗa wa yaro ake ganin ya yi masa nauyi, gabar da ta daɗe tsakanin ƴan'uwa. Sai suka riƙa zama da Pukui da wani likitan ƙwaƙwalwa, tana yi musu bayanin yadda mutanen da suka fahimci waɗannan abubuwa. Daga zaman nan littafin ya fito. A cikinsa aka yi bayanin hoʻoponopono, zaman sulhun iyali da dattijo ke jagoranta, inda ake addu'a, kowa ya faɗi laifinsa, a biya abin da ya kamata a biya, a yafe wa juna. Al'adar ta kusa ɓacewa, littafin ya taimaka aka dawo da ita cikin aikin sasanta iyalai. Yau wasu a Turai da Amurka suna sayar da kwasa-kwasai da sunan hoʻoponopono waɗanda ba su da alaƙa sosai da asalin abin, kuma littafin ne hujjar da ɗan ƙasa ke buɗewa ya nuna bambancin.

Kundin sunayen wurare ma haka. Place Names of Hawaii, wanda aka faɗaɗa a 1974 tare da Esther Mookini, yana faɗin ma'anar sunan kowane kwari da rafi da unguwa. Waikīkī, inda manyan otal-otal suke a yau, na nufin ruwa mai tsartuwa, domin wurin fadama ce ta gwaza da tafkunan kifi kafin a haƙa magudanar Ala Wai a shekarun 1920 a busar da shi. A harshen, wai ruwan sha ne, waiwai kuma dukiya. Lokacin da gobara ta cinye garin Lahaina a watan Agustan 2023, ta kashe kimanin mutum 100, muhawarar da ta biyo baya ta koma kan ruwa. Lahaina tsohuwar fadar masarauta ce, kuma tsofaffin rubuce-rubuce sun nuna tana da tafki mai suna Mokuhinia da ɗan tsibirin sarakuna a tsakiyarsa, Mokuʻula, kafin gonakin rake su karkatar da rafuka, a cike tafkin da ƙasa a mai da shi filin wasa. Masu neman a mayar wa garin ruwansa da sunaye da takardu suke kafa hujja. Kotunan jihar ma sukan buɗe ƙamus ɗin Pukui da Elbert idan shari'ar fili ko ta haƙƙin gargajiya ta rataya a kan ma'anar wata tsohuwar kalma. Littafin da alƙali ke dubawa kafin ya yanke hukunci a kan gonar mutum ya wuce a kira shi kayan ado.

Iri a rumbu ba ya tsiro

To amma tsakanin 1957 da aka buga ƙamus ɗin da 1983 akwai shekaru 26, kuma a duk tsawon lokacin nan masu jin harshen raguwa suka yi ta yi. Littafin yana kan kanta, tsofaffi suna ta rasuwa. Ko a 1978 da aka gyara kundin tsarin mulkin jihar aka ba harshen Hawayi matsayin harshen hukuma tare da Ingilishi, dokar makarantu ta 1896 ba ta gushe ba. Harshen yana da daraja a takarda, amma ba a yarda a koyar da yaro da shi a makarantar gwamnati ba.

Abin da ya sauya lamarin mutane ne. Larry Kimura, malami a jami'ar Hawayi, ya fara wani shirin rediyo a 1972 mai suna Ka Leo Hawaiʻi, inda ya shafe shekaru 16 yana hira da dattawan da suka tashi da harshen. A 1983 shi da wasu malamai da iyaye suka kafa ƙungiyar ʻAha Pūnana Leo, suna koyi da abin da ƴan ƙabilar Mawori suka fara a Niyu Zilan shekara ɗaya kafin nan. Pūnana Leo na nufin sheƙar murya: gidan renon yara inda ba a jin komai sai harshen Hawayi daga safe har yamma. An buɗe na farko a 1984 a Kekaha, tsibirin Kauaʻi. Iyayen suka matsa wa majalisar jiha har aka gyara dokar a 1986, a 1987 aka fara azuzuwan harshen a makarantun gwamnati, a 1999 kuma rukunin farko na yaran da suka yi karatunsu kaf da harshen suka kammala sakandare.

Yawancin waɗannan iyaye da malamai ba su tashi da harshen ba. A jami'a suka koya, da ƙamus a hannu da kaset ɗin tsofaffi a kunne. Da babu aikin Pukui, da sun tashi yin shuka sun tarar rumbun babu iri. Da kuma ba su tashi ba, da irin ya zauna a rumbu har ƙwari su cinye. Manomi ya san duka biyun dole ne, ya kuma san wanda ke zuwa farko. Ana iya gina makaranta a kowace shekara aka samu kuɗi da niyya, amma tsohuwar da ta san sunan kowace iska da kowane ruwan sama na kwarinsu, ranar da ta rasu an rufe wannan ƙofa ke nan. A 2015 an buga wani littafi, Hānau Ka Ua, da ya tara sunayen ruwan sama sama da 200, kuma ya yiwu ne saboda wasu sun rubuta su a jaridu da waƙoƙi tun da daɗewa.

Makarantun sun kuma haifar da wata buƙata. Malamin da zai koyar da kimiyya yana neman kalmomin da kakarsa ba ta taɓa buƙata ba. Saboda haka a 1987 aka kafa kwamitin ƙirƙirar kalmomi, wanda aikinsa ya zama littafin Māmaka Kaiao. A nan ake samun irin su lolouila, kwamfuta, daga lolo, ƙwaƙwalwa, da uila, walƙiya ko lantarki. Tun farkon shekarun 2000 kuma aka ɗora ƙamusoshin da tsofaffin littattafai da jaridu a intanet kyauta, ta ɗakin karatu na Ulukau. Wannan ya fi amfanar waɗanda suka bar gida. Ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna ƴan asalin Hawayi da ke zaune a sauran jihohi sun fi waɗanda suka rage a tsibiran yawa, galibi saboda tsadar gidaje da rayuwa. Suna da yawa a Las Vegas har ana yi wa birnin laƙabi da tsibiri na tara. Yaron da aka haifa a can ba shi da kaka a ɗaki na kusa, amma yana da ƙamus a aljihu.

Inda littafi ke iya yin ɓarna

Akwai masu suka daga cikin gida, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko, littafi yakan zama alƙali a kan masu harshen da kansu. A ƙaramin tsibirin Niʻihau, inda harshen bai taɓa yankewa daga bakin yara ba, mutane sukan furta t a wuraren da rubutaccen harshe ke da k. Idan ɗalibin da ya koyi harshen a aji ya buɗe ƙamus ya ce wa ɗan Niʻihau ya yi kuskure, to an kifar da abin ke nan. Wasu masana ƴan ƙasa suna kuma kokawa cewa harshen da ke fitowa daga makarantu ya bambanta da na kakanni a lafazi da ginin jimla, domin masu koyarwar da Ingilishi suke tunani. Kalmomin da kwamiti ya ƙera a ofis ma ba duka ne tsofaffi suka gane ba.

Na biyu, ƴan littattafai kaɗan sukan tare wa mutane ganin sauran. Puakea Nogelmeier, a littafinsa Mai Paʻa i ka Leo, ya nuna yadda masu bincike suka shafe shekaru suna dogaro da ƴan fassarorin Malo da Kamakau da ʻĪʻī zuwa Ingilishi kamar su ke nan abin da aka rubuta, alhali fassarorin an yanke su an sake musu tsari, kuma mafi yawan shafukan jaridun nan ba wanda ya fassara su. Illar wannan ta fito fili a tarihin siyasa. An daɗe ana koyar da cewa ƴan ƙasar ba su yi wata turjiya ba da Amurka ta haɗe su. Sai Noenoe Silva, wadda ta iya karanta jaridun da harshensu na asali, ta bi sawu har ma'ajiyar takardun gwamnati a Washington, ta fito da takardun koken 1897 masu ɗauke da sa hannun mutum sama da 21,000 da suka ƙi amincewa, a lokacin da ƴan ƙasar gaba ɗaya ba su wuce kimanin 40,000 ba. Littafinta, Aloha Betrayed, ya fito a 2004.

Waɗannan soke-soke gaskiya ne, amma idan aka duba da kyau, ƙarin aiki suke nema. Maganin ƙamus da ya bar karin harshen wani yanki a waje shi ne ƙamus da ya shigar da shi. Maganin dogaro da fassara shi ne a samu masu karanta asalin, su kuma da ƙamus suka koyi karatun. Akwai ma gibin da ya rage: babban ƙamus ɗin da kowa ke dogaro da shi yana bayanin kalmomin Hawayi ne da Ingilishi, wato yaron da ke son sanin zurfin kalmar kakarsa sai ya bi ta harshen da ya kore ta.

Abin da ya shafi mai karatu a Maraɗi ko a Abijan

Hausa ba ta cikin halin da harshen Hawayi ya shiga. Masu jin ta miliyoyi ne, tana da rediyo da fina-finai da kasuwa, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ba ta matsayin harshen ƙasa a Nijar. Sai dai abin da ya faru a Hawayi tsakanin 1978 da 1986 ya isa tunatarwa cewa matsayi a takarda ba ya koyar da yaro ko kalma ɗaya. Littafi da malami da aji ne ke yin wannan. Kuma harshe yana iya zama da ƙarfi a kasuwa alhali yana zubar da kaya ta baya. Matashin da ya tashi a Yamai ko Damagaram zai iya yin hira da Hausa har dare, amma a tambaye shi sunayen irin hatsi da kakansa ke shukawa, ko sunayen kayan aikin majemi da maƙeri da masaƙi, ko sunayen taurarin da manomi ke duba shigowar damina da su, sai ya yi shiru. Ɗan wanda ya yi ci-rani ya zauna a Akara ko Abijan ko Burusal ya fi shi nisa.

Babban ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 39,000, har yau ba a rasa shi a teburin mai bincike, kuma da Ingilishi yake bayani. Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da ƙamus na Hausa zuwa Hausa a 2006, a Nijar kuma Abdou Mijinguini ya yi na Hausa zuwa Faransanci. Cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai suna riƙe da muryoyin dattawa da aka ɗauka shekaru da dama da suka wuce. Aiki ne mai daraja, amma kaɗan ne daga cikinsa ke isa wayar matashi, kuma Hausar Adar da Gobir da Arewa da Damagaram tana da kalmomin da ƙamus da aka gina a kan Hausar Kano bai ɗauka ba. Idan haka lamarin yake ga Hausa, to harsunan ƙasar masu ƙarancin jama'a, irin su Tasawak na Ingal ko Buduma na bakin tafkin Chadi, su ne suka fi kusa da labarin Hawayi, kuma su suka fi buƙatar a yi sauri.

Abin da ake buƙata daga hukuma a bayyane yake: a ware kuɗi na dindindin don aikin ƙamus, domin aiki ne na shekaru goma ko ashirin da ba ya shiga cikin tallafin wata ƙungiya na wata 18; a fito da kaset-kaset ɗin da ke cikin ma'ajiya kafin zafi da ƙura su lalata su; a sa sunan masu harshen a bangon littafi, a kuma biya su. Abin da ake buƙata daga matashi ya fi wannan sauƙi. Pukui da ƴan takardu da fensir ta fara, tana budurwa, ba wanda ya ɗauke ta aiki. Wayar da ke hannun kowane ɗan lakwal a yau ta fi na'urar da ta yi yawo da ita tsibiri-tsibiri ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda zai je ƙauye hutun salla, ko ɗan ci-ranin da ke kiran gida duk ranar Juma'a, yana iya zama da tsohuwa awa ɗaya ya tambaye ta sunan abubuwa, ya ɗauki muryar, ya rubuta sunanta da garinsu da ranar, ya adana a wuri fiye da ɗaya. Kakar Pukui ta rasu tun jikar tana ƴar shekara shida, kuma abin da yarinyar ta riƙe daga bakinta yana cikin littattafan da yaran Hilo da Las Vegas ke buɗewa a yau.